Fiyano Marar Murya: Nazari kan Hannun Makaɗi a Zamanin Kwamfuta

A wani ƙaramin sutudiyo da ke Panshekara, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso, na fara ganin fiyanon da ba ya kuka. Ka danna shi iya ƙarfinka, ba za ka ji komai ba sai an sada shi da kwamfuta. Aikinsa aika saƙo kawai: wane maɓalli aka taɓa, yaushe aka sake shi, da wane ƙarfi. Ƙarfin nan ma lamba ce, daga 0 zuwa 127, bisa tsarin MIDI da kamfanonin kayan kiɗa suka amince da shi a 1983. Sautin kuwa yana cikin manhaja, galibi FL Studio, wadda kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam ya ƙirƙira.

Wanda ya san noman rani a Kura da Bunkure zai gane lamarin da wuri. Ƙofar da ke bakin magudana ba ta da ruwa nata, ruwan daga madatsar Tiga yake. Amma mai buɗe ƙofar shi ne ke yanke yawan abin da zai kai ga shinkafa. Matsayin wannan fiyano ke nan, saboda haka hukuncin da za a yi wa kiɗan da ya fito ta hanyarsa a kan mai buɗe ƙofar zai faɗa.

An daɗe ana kukan cewa na'ura ta kashe kiɗan Hausa. Tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fiyanon Yamaha ya mamaye waƙoƙin finafinan Kano, musamman bayan fim ɗin Sangaya, kalangu da kukuma suka koma sautuka ajiyayyu da ake kira da yatsa ɗaya. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai zurfi kan wannan sauyi. Kukan yana da hujja, sai dai a ganina an ɗora laifin inda bai dace ba.

A saurari kalangun da ke bayan Mamman Shata. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammata, fata ta ɗaure, sauti ya hau. Ya sassauta, sauti ya sauka. Ta haka kalangu ke bin karin harshen Hausa, na sama da na ƙasa da faɗau, har mai sauraro ya tsinci kirari ba tare da an buɗe baki ba. Bugu biyu ba sa zama ɗaya, kuma wani bugun yakan ɗan makara da gangan don ya ba mawaƙi wurin numfashi. Wannan makarar ita ce gishirin kiɗan.

To, mene ne ke faruwa a sutudiyo? Matashin da na zauna da shi ya buga kiɗansa da hannu, da daɗi kuwa, sannan ya umarci manhaja ta jera kowane bugu daidai kan layi, ta kuma daidaita ƙarfinsu. Cikin daƙiƙa guda abin da hannunsa ya faɗa ya goge. Wasu ma ba sa taɓa fiyanon, da linzamin kwamfuta suke dasa bugu ɗaya bayan ɗaya kamar masu dashen albasa. Shi ya sa waƙoƙin nanaye da dama suke kama da juna, ko da mawaƙan sun bambanta.

Abin takaici, maganin yana jikin na'urar. A gefen hagu na yawancin irin wannan fiyano akwai ɗan gargare da ke lanƙwasa sauti sama ko ƙasa, wato kusan aikin da tsarkiya ke yi. Ban ce zai maye gurbin fatar akuya ba. Maɓallan fiyano an yanka su ne bisa ma'aunin Turawa mai matakai 12, kuma kunnen da ya tashi da goge ya san akwai sautuka a tsakaninsu. Amma gargaren yana iya kaiwa can.

Da na roƙi matashin ya sake bugawa ya bar kiɗan yadda ya fito, sai ya yi dariya, ya ce masu ba shi aiki za su ce bai iya ba. Ya dai gwada, yatsansa na hagu a kan gargaren, ya saurara sau biyu, sannan ya adana shi a wani fayil daban.