Sharhi a Kan Littafin African Anarchism

Sam Mbah da I. E. Igariwey (1997) sun kafa hujja da al'ummomi marasa sarki, irin su Tallensi na arewacin Gana, domin nuna cewa aƙidar zama ba hukuma ba baƙuwa ba ce a Afirka. Sai dai tarihin yankin ya raunana wannan hujja. Konkomba, waɗanda su ma ba su gaji sarauta ba, sun nemi babban sarki nasu a 1993. Yaƙin 1994 ya biyo baya, ya shafi Yendi da Salaga. A Bawku kuwa, rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya ɓarke tun 1957. Dalili shi ne ikon ƙasa na hannun sarakuna, maras sarki baƙo ne a gonarsa. Wannan gaɓa ce marubutan suka tsallake.