Littafin Mariama Bâ Da Ba Mu Cika Son Tunawa Ba

Duk wanda ya yi karatun Faransanci a wannan yanki namu, da wuya a ce bai haɗu da Une si longue lettre ba, wato doguwar wasiƙar da Mariama Bâ ta Senegal ta fitar a 1979, wadda ta ci kyautar Noma a 1980. Ni a Damagaram na karance ta ina budurwa, kuma har yau ina tuna yadda muke tafa wa Ramatoulaye a aji lokacin da ta ƙalubalanci ɗan majalisa Daouda Dieng kan cewa mata huɗu kacal ne cikin wakilai ɗari. Wannan littafi mun riƙe shi hannu bibbiyu, domin wadda aka zalunta a ciki tamkar yayarmu ce ko innarmu.

Amma Mariama Bâ ta bar littafi na biyu, Un chant écarlate, wanda za mu iya kira Jar Waƙa. Ya fito a 1981, shekarar da ta rasu. Shi kam ba a cika jin sunansa a bakin masu karatu ba. Na sake karanta shi a bana, kuma ina zaton na gano dalili. Wadda aka zalunta a cikinsa Baturiya ce, mu kuwa ba mu saba tausaya wa farar fata a kan ɗan'uwanmu baƙi ba.

Ga labarin a taƙaice. Ousmane Guèye ɗan talakawan Dakar ne, mai ƙwazon karatu. Mireille ɗiyar wani jami'in diflomasiyyar Faransa ce. Da ubanta ya gano soyayyarsu, sai ya tattara ta ya maida Faransa, saboda a ransa baƙin mutum bai kai ya zama surukinsa ba, ko da kuwa bakinsa cike yake da maganar zumuncin ƙasashe. Mireille ta jure, ta musulunta, ta auri Ousmane, iyayenta suka yafe ta. Ta biyo shi Dakar ba ta da kowa sai shi.

A nan ne marubuciyar ta juyo da madubin ta haska mu. Uwar miji, Yaye Khady, ba ta taɓa karɓar surukarta ba. A ganinta Baturiya ta raba ta da hidimar da uwa ke jira daga matar ɗanta, ta kuma hana ta fita kunya a gaban matan unguwa. Shi kuma Ousmane ya koma wa Ouleymatou, wadda ya so tun ƙuruciya, ya aure ta a ɓoye, yana kwasar dukiyar gida yana kai mata. Da abokai suka yi masa faɗa, sai ya fake da asali, wai komawa ya yi ga tushensa na baƙar fata. Mai karatu na wancan lokaci ya san inda aka dosa, domin Senghor ya mulki Senegal daga 1960 zuwa 1980, kuma aƙidarsa ta alfahari da baƙar fata ita ce yayin ƴan boko.

Wannan shi ne abin da ya fi burge ni a littafin. Mariama Bâ ta nuna cewa namiji kan ɗauki al'ada kamar riga, ya saka ta ranar da yake so, ya cire ranar da ta matse shi. Ousmane bai tuna da asali ba lokacin da yake rubuta wa Mireille wasiƙun soyayya. Sai da sha'awarsa ta sauya ya gano cewa shi ɗan Afirka ne. Addinin da ya sa ta shiga ma ya wajabta masa adalci tsakanin mata, amma bai waiwayi wannan ba. Abin da Modou ya yi wa Ramatoulaye shi ne Ousmane ya yi wa Mireille, launin fatar matar ne kawai ya bambanta. Idan mun yi kuka a na farko muka kau da kai a na biyu, to sai mu binciki zukatanmu.

Littafin yana da nasa rauni, kuma ba zan ɓoye ba. Ƙarshensa ya yi tsanani: Mireille ta zautu, ta kashe ɗanta Gorgui da ƙwayoyin barci, ta daɓa wa mijin wuƙa. A ganina an yi gaggawar kai ta hauka, har mai neman hujja zai iya cewa ai ga sakamakon auren bare. Yaron da ya kamata ya zama amsar tambayar littafin, shi aka fara kawarwa. Ita ma Ouleymatou an zana ta da makirci zalla, ba a bar mu muka ga talaucin da ya tura ta ba.

Duk da haka, na fi ganin jarumtar marubuciyar a nan. Mace ce malamar makaranta, mai fafutuka a ƙungiyoyin mata, ta san sarai za a ce ta goyi bayan ɗiyar ƴan mulkin mallaka, amma ta rubuta. Irin wannan zargi har yau shi ake jifan duk macen da ta buɗe baki a bainar jama'a da shi, a ce Turawa ne suka turo ta. Gaskiya ɗaci gare ta, musamman idan ta gida ce.

Shawarata ga malamai da masu karatu ita ce a riƙa haɗa littattafan biyu a karanta tare. Wanda ya tsaya a wasiƙar Ramatoulaye, rabin maganar Mariama Bâ ya ji. Allah Ya jiƙanta da rahama.