Karatun Kufai: Tarihin da Ke Kwance a Gonakin Tambuwal da Kebbe

Masu rubuta tarihin ƙasar Sakkwato sun yi gadon da ba kowa ya samu ba. Shehu Usmanu ya yi rubutu, Abdullahin Gwandu ya yi, Muhammadu Bello da Nana Asma'u da Waziri Giɗaɗo sun yi, har abin ya gangaro kan Waziri Junaidu. Arziki ne babba, sai dai ya bar mana wata ɗabi'a: mun saba neman tarihi a cikin littafi kaɗai, har muka daina duban ƙasar da muke takawa. A bakin yawancinmu, labarin Tambuwal yana farawa ne daga Muhammadu Buhari ɗan Shehu, wanda ya zauna a can yana tsaron wannan gefe na daula bayan jihadi. To, kafin Buhari fa? Su wa suka sare dajin, suka haƙa rijiyoyin farko, suka narka tama a wannan yanki da ke tsakanin Kabi da Zamfara? Littafi bai cika kula da irin waɗannan mutane ba, domin shi hankalinsa yana kan sarakai da malamai da yaƙe-yaƙe. Kufai ne ya riƙe labarinsu.

Manomin Kebbe ko na Dogon Daji ba ya buƙatar a koya masa gane kufai. Idan ya hango kukoki sun yi cincirindo a fili, babu gida ko ɗaya a kusa, ya san an taɓa zama a wurin, don kuka mai bin mutane ce. Ya san tudun da ba Allah-ya-yi ba ne, ginin ƙasa ne ya narke shekara bisa shekara. Ya san baƙar ƙasa mai toka wadda gero ke so, ya san tsingaron da garma ke tonowa, da dutsen niƙa da ya lotse, da kashin maƙera, da bakin tsohon karofi da katsi ya daskare a jikinsa. Wani dogon kwari da ya kewaye gona, shi zai ce maka gwalalo ne, tudun da ke bayansa kuma ganuwa ce ta kwanta. Wannan karatu ne na gaske, kuma shi ne matakin farko na aikin masana binciken kufai a ko'ina cikin duniya. Abin da masani ke ƙarawa shi ne awo da tsari: ya zana taswirar wuri, ya tona rami kaɗan kaɗan yana rubuta abin da ke sama da abin da ke ƙasa, ya kai gawayi ɗakin gwaji a faɗa masa shekarunsa.

Mafi girman kufai a jihar Sakkwato shi ne Surame, can arewa da mu a wajen Binji, birnin da Sarkin Kabi Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16 bayan ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai wajen shekarar 1516. Ganuwarsa ta dutse ce, abin da ba a saba gani ba a ƙasar Hausa, inda tubali da jar ƙasa suka fi yawa. Kabawa sun bar shi a farkon ƙarni na 18 suka koma Birnin Kabi. Sarkin Musulmi Bello da kansa, a cikin Infaƙul Maisuri, ya ambaci biranen Kabi na Surame da Gungu da Leka, ya kuma jinjina wa girman abin da ya rage na gine-ginensu, kusan shekara ɗari bayan watsewarsu. Ina son a lura da wannan, saboda masu ganin cewa duk abin da ya gabaci jihadi bai cancanci kulawa ba. Ɗaya daga cikin jagororin jihadin ya tsaya ya duba, ya kuma rubuta.

Labarin baka ya ce Nufawa sun makara wajen aikin ginin Surame, sai Kanta ya sa suka kwaɓa ƙasar nasu ɓangaren da man kaɗe a maimakon ruwa. Irin wannan labari ba abin jefarwa ba ne, ba kuma abin haɗiyewa ɗungurungum ba. Yana gaya mana yadda Kabawa suka tuna ikon Kanta a kan maƙwabta, ganuwar kuwa tana nan, ana iya ɗibar kwaɓinta a gwada. A nan ne amfanin binciken kufai yake: baka ta faɗi, takarda ta faɗi, ƙasa ta ba da tata shaidar.

An ayyana Surame a matsayin wurin tarihi na ƙasa a 1964, an kuma sa shi a jerin wuraren da Najeriya ke nema wa amincewar UNESCO a 2007. Amma birni ba ya ci da kansa. Hatsin da mayaƙan Kanta suka ci, da ƙarfen masunsu, da shunin rigunansu, daga ƙauyuka da tungaye suka fito, irin waɗanda kufansu ke warwatse a kudancin jihar nan. Wanda ya karanci babban birni ya bar ƙauye, rabin labari ya ji.

Ƙasar Ailan ta Turai ta ba da misali mai kyau. Mutanenta ma suna da tsofaffin littattafan sarakai da na malaman coci, amma yawancin abin da suka sani game da zaman talakansu na da, daga ƙasa suka samo shi. Akwai kufan zagayayyun gidaje masu 'yar ganuwa da gwalalo sama da 40,000 a tsibirin, akasarinsu daga shekarun 600 zuwa 900 na Miladiyya, gidajen manoma masu kiwon shanu. Da aka ƙidaya su aka sa a taswira, sai aka fara ganin wane ne mai hali, wane ne talaka, ina aka fi cunkoso, yaya dangi ke zama kusa da juna. Abin da ya tsare su ƙarnuka kuwa shi ne tsoro: manoma sun ɗauka gidajen mutanen ɓoye ne, ba sa taɓa su. Da tsoron ya ragu, katafila ta shigo, da yawa suka tafi a ƙarni na 20. Mu ma tsoron aljanun kuka ya daɗe yana gadin kufai, kuma ba zan yi kukan gushewarsa ba. Damuwata ita ce ya tafi ba mu sa ilimi da doka a gurbinsa ba.

An riga an ga abin da ƙasarmu ke iya faɗa idan aka tambaye ta da natsuwa. Tonon da aka yi a Durɓi ta Kusheyi a Katsina cikin 1992 ya fito da kayan zinariya da tagulla da hauren giwa, shaidar ciniki mai nisa tun ƙarni na 13 da na 14. Masaniyar binciken kufai Anne Haour ta yi aiki a Kufan Kanawa a Nijar, sannan a Birnin Lafiya a ƙasar Dandi. An kuma ga abin da gaggawar kuɗi ke yi. Mutum-mutumin yumɓu da dillalan Turai ke kira na Sakkwato, 'yan tonon sata ne suka fitar da yawancinsu, har majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa su a jerin kayan da ke cikin haɗari a 2000. Kayan suna can cikin gilashi, amma ramin da zai faɗi zamaninsu da masu su an birkita shi har abada. Wannan asara ta fi ta kayan kansu ciwo.

Aikin da ya kamaci Tambuwal da Kebbe yanzu ba tono ba ne, ƙidaya ce, kuma ba ta da tsada. Kowane hakimi ya sa dagatai da masu unguwanni su lissafa kufan da ke ƙasarsu: sunan wuri, abin da ake gani a kai, da abin da tsofaffi suka ji game da shi. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su bi da waya su ɗauki hoto da alamar taswira, masana binciken kufai na Jami'ar Ahmadu Bello su duba su tantance, a ajiye kwafi a ofishin tarihi na Waziri Junaidu. Masu ɗibar ƙasar bulo da 'yan kwangilar hanya a hana su taɓa wurin da ke cikin lissafin sai an duba.

Kai kuma mai gona, idan garmarka ta tono tukunya ko murjani ko wani ƙarfe da ba ka san irinsa ba, kada ka fasa, kada ka sayar wa baƙo. Ka bar shi inda yake, ka sa alama, ka gaya wa mai gari.