Mujallar Makaranta Ta Koma Kundin Hotuna

A ƙarshen zangon karatu na uku, makarantun kuɗi da yawa a Kano da Kaduna da Abuja sukan raba wa ɗaliban da suka kammala wani littafi mai sheƙi, wanda iyaye suka riga suka biya a cikin kuɗin bikin yaye ɗalibai. Shafin farko hoton mai makaranta, na biyu jawabinsa, sannan malamai a jere. Daga nan sai hotunan yara, kowa da riga da hular kammala karatu, a ƙarƙashi an sa suna da ranar haihuwa da abincin da ya fi so da abin da yake son zama. Bangon baya kuma tallan makarantar ne. Abin da ke damuna da waɗannan littattafai shi ne, an ce na ɗalibai ne, amma da ƙyar za ka sami sakin layi ɗaya da ɗalibi ya zauna ya rubuta da kansa.

Duk wanda ya yi makarantar kwana ta gwamnati a zamanin da sakandare take aji ɗaya zuwa biyar ya san da ba haka abin yake ba. Mujallar makaranta ta wancan lokaci ba ta da kyan gani. Sau da yawa da tafireta ake buga ta a kan sitensil, a juya ta a injin Gestetner na ofis, tawada ta yi yawa a wannan shafi ta dusashe a wancan. Makarantar da ke da hali ce take kai wa maɗaba'a sau ɗaya a shekara. Amma ka buɗe ta ka ji muryoyi. Kyaftin ɗin kowane gida ya rubuta rahoton gidansa: wa ya ci tseren mita 100 a gasar gidaje, wane ɗaki ne ya fi tsafta a dubawar ranar Asabar, me ya sa kofin ƙwallo ya kuɓuce musu bana. Sakataren ƙungiyar muhawara ya faɗi makarantun da suka kara da su da batun da aka yi jayayya a kai. 'Yan wasan kwaikwayo, 'yan sikawut, ƙungiyar matasa manoma, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ƙungiyar Hausa, kowa da shafinsa. A tsakani akwai waƙoƙi da gajerun labarai. Ɗan aji ɗaya ya ba da labarin ranar da ya sauka daga mota da akwatin ƙarfe da bokiti, bai san kowa ba. Wani kuma ya yi kukan gabza da wake mai ƙwari, amma cikin dabarar da malami mai duba rubutu ba zai soke ba.

Wannan dabarar ita kanta ilimi ce. Yaron da ya kai rubutunsa ga edita, wanda shi ma ɗalibi ne ɗan aji biyar, aka mayar masa da shi aka ce ya rage, ya gyara ya sake kawowa kafin ranar rufe karɓa, ya koyi abin da darasin insha'i ba ya koyarwa. A aji, malami ɗaya kake rubuta wa don ya ba ka maki. A mujalla kuwa, makaranta duka za ta karanta, har da wanda ka ambata a ciki, kuma za ku haɗu da shi a ɗakin cin abinci. A nan ake sanin nauyin kalma.

Akwai kuma batun tarihi. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Shagari da Gowon da Murtala duk sun zauna a azuzuwanta. Rijista za ta gaya maka lambar ɗalibi da shekarar da ya shiga. Ba za ta gaya maka yadda ake ji idan gidan Ɗan Hausa ya kara da wani gida ba, ko yadda yaran Arewa suka rungumi wasan fayif da Turawa suka kawo har ya zama nasu. Irin wannan sai a rubutun yaran. A kudu an ga amfanin hakan a fili: Terri Ochiagha ta fitar da littafi a 2015 kan Chinua Achebe da abokansa na Kwalejin Gwamnati ta Umuahia, irin su Christopher Okigbo da Chukwuemeka Ike da Elechi Amadi, kuma mujallun makarantar na cikin abin da ta dogara da shi wajen nuna yadda marubutan suka fara. Mai binciken da zai zo nan da shekara hamsin yana neman yadda ɗan sakandare na yau yake tunani, me za mu bar masa? Hoto da sunan abinci.

Za a ce ai yanzu akwai waya, kuma kowane aji na da zaurensa na WhatsApp. Gaskiya ne, yaran yau sun fi mu hotuna nesa ba kusa ba. Sai dai waya takan ɓace, lamba takan canza, zaure kuma yakan cika da gaisuwar Juma'a da sanarwar biki har tsohon saƙo ya nutse. Ba wanda ya tace, ba wanda ya zaɓi abin da ya kamata a ajiye. Za a kuma ce tsofaffin mujallun na 'yan tsirarun makarantu ne, galibi da Turanci, kuma malamai na danne abin da ba su so. Wannan ma gaskiya ne, kuma dalili ne na a yi wadda ta fi su: a buɗe shafuka ga Hausa, har da ajami ga mai iyawa, a kuma kai ta makarantun je-ka-ka-dawo da na 'yan mata.

Farar rigar nan da 'yan aji shida ke sawa ranar gama jarrabawa, abokai suna rubutu a kai da maka, ni ba na ganin ta a matsayin lalaci kawai. Na san abubuwan rashin kunya da ke biyo bayanta a wasu wurare, kuma na fahimci abin da ya sa wasu jihohin Arewa suka hana bikin a 2025. Amma ka duba abin da yaran ke yi: suna neman wurin da za su rubuta wa juna kalmar rabuwa, su sa hannu, su tafi da ita gida. Ba mu ba su takarda ba, sai suka rubuta a jikin riga. Idan an hana rigar ba a ba su komai a madadinta ba, an rufe ƙofa ne kawai.

Kuma aikin bai taɓa yin sauƙi kamar yanzu ba. Kwamfuta ɗaya, malami ɗaya mai kishin rubutu, ɗalibai shida, da shagon fotokofi na bakin titi sun isa a fitar da shafi ashirin. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai suna gina ƙofar makaranta, suna haƙa rijiyar burtsatse, suna sayen motar bas, Allah ya saka musu. Ɗan abin da za su cire daga nan zai ɗauki nauyin mujalla na shekara, da sharaɗin cewa ɗalibai ne za su rubuta su tace, jawabin manya kuma kada ya wuce shafi ɗaya.

Tsofaffin ɗaliban dai su ne kuma ke da tsofaffin mujallun a ƙasan akwatuna, gara na ci, magada ba su san darajarsu ba. A taron shekara mai zuwa, kowa ya zo da wadda yake da ita. A ɗauki hoton kowane shafi, a ba ɗakin karatun makarantar kofe, a kai na asali wurin da ake adana takardu kamar Gidan Arewa da ke Kaduna, inda mai bincike zai iya zuwa ya nema.