Ɗaure ƙafa tamau ba shi ne gwaninta ba

A wuraren wasan zamiya kan dusar ƙanƙara, daga tsaunukan Alps na Faransa da Ostiriya har zuwa Kolorado ta Amurka, wata ɗabi'a ta samu gindin zama tsakanin matasa: kowa na son a ga lambar maƙalin takalminsa ta fi ta abokinsa. Maƙalin shi ne ƙarfen da ke riƙe takalmi a kan allon zamiya, kuma akwai 'yar taga a jikinsa mai nuna lamba. 'Yan wasa suna ce mata DIN, sunan hukumar daidaita ma'auni ta Jamus. Duk yadda lambar ta ƙaru, haka ƙarfin da zai sa maƙalin ya saki ƙafa yake ƙaruwa. A ganina, mayar da ita abin alfahari wauta ce.

An ƙera wannan ƙarfe ne domin ya saki. Hjalmar Hvam, ɗan asalin Norway da ke zaune a jihar Oregon, sai da ya karye a ƙafa a 1937 sannan ya ƙirƙiro maƙalin da ke sakin takalmi in an faɗi. Kamfanin Look na Faransa ya fito da samfurin Nevada a 1950, Hannes Marker na Jamus ya biyo baya. A yau, ɓangaren gaba yana buɗewa ta gefe idan ƙafa ta murɗe, na dunduniya kuma yana ɗagawa sama idan mutum ya kife ta fuska. Binciken da aka fara a Sugarbush ta jihar Vermont tun 1972 ya nuna karayar ƙwauri ta ragu ƙwarai yayin da maƙalai suka inganta. Aikin maƙali irin na fis ɗin wutar lantarki ne: wanda ya cire shi ya sa waya mai kauri don kada wuta ta riƙa ɗaukewa, kayan ɗakinsa ne za su ƙone.

Lambar kuwa ba a zaɓarta da ka. Ƙa'idar ISO 11088 tana duba abu biyar: nauyi, tsawo, shekaru, tsawon tafin takalmi a milimita, da yadda mutum yake wasa, ko mai taka-tsantsan ne, ko matsakaici, ko mai gudu a gangare mai tsanani. Matsakaicin ɗan wasa mai kilo 75 da tsawon santimita 175, da takalmi mai milimita 315, lambarsa wajen 6 ce. In ya kai shekara 50 sai a rage masa, haka ma yaron da bai kai 10 ba. To me ya kai irin wannan mutum murɗa sukurudireba har 12, don kawai ya ga 'yan tseren gasar duniya suna haka? Su gudunsu kan haura kilomita 100 a awa, kuma sun san cinikin da suka ƙulla.

Masu ɗaurewa tamau suna da hujja, ban musa ba. Allo ya suɓuce a tsakiyar gangare mai santsi ba ƙaramin haɗari ba ne. Sai dai sau da yawa laifin ba na lambar ba ne. Ƙanƙara ce ta daskare a ƙarƙashin takalmi, ko tafin ya cinye, ko ba a daidaita matsin dunduniya ba, ko an sa takalmi mai sabon tafi irin na GripWalk a tsohon maƙalin da ba a yi shi dominsa ba. Ƙara lamba ba ya gyara ko ɗaya daga cikinsu, ɓoye su kawai yake yi.

Kada kuma a ɗauka saiti mai kyau laya ce. Ƙashin ƙwauri aka yi maƙalin ya kare, jijiyar gwiwa kuwa tana iya tsinkewa allo bai saki ba. Wannan ma dalili ne na kada a ƙara wa ƙafa nauyin da ba nata ba.

Duk mai shirin hawa dutse a hunturun bana, ya kai allonsa da takalminsa shago a gwada su da na'ura. In ma'aikaci ya tambaye shi nauyi da shekaru da ƙwarewa, ya faɗi gaskiya, ya kuma bar lambar inda aka sa ta.