Jinjina ga Masu Masaukin Ɗalibai a Parakou

Daga Sharabi, a ƙaramar hukumar Bagudo, zuwa Jamhuriyar Benin ba wata doguwar tafiya ba ce. Ka ƙetare iyaka ta Tsamiya, ka faɗa Segbana, ka bi ta Kandi har Parakou, inda aka kafa jami'a a 2001. Amma ɗalibin da ya sauka can ya san ya bar gida: naira ta koma sefa, lacca da Faransanci, ciniki a kasuwa da Dendi.

Nan Hausawan zango masu sauke baƙi suke nuna halin girma. Dattijo zai tarbi yaron da bai taɓa gani ba, don kawai an ce ɗan wane ne. Ya ba shi tabarma a zaure, ya haɗa shi da ɗansa su je cike takardun makaranta, ya faɗa masa kuɗin kabu-kabu na gaskiya kada a cuce shi. Uwargida kuwa, wadda ba a cika tunawa da ita ba, ita ke ƙara awo a tukunya kullum ba ta ƙorafi. In zazzaɓi ya kwantar da yaro cikin dare, su ke kai shi asibiti, su biya magani, sai gari ya waye su kira iyayensa.