Shuɗin Barlin a hannun masu zanen Kanton

Daga 1757 zuwa 1842, Kanton ce kaɗai tashar ruwan da sarakunan Sin suka buɗe wa fataken Turai. Kusa da rumbunan fataken akwai shagunan masu zane, suna fitar da hotunan furanni, kifaye, jiragen ruwa da masu sana'o'i, baƙi na saye don tsaraba. An daɗe ana raina waɗannan ayyuka: malaman Sin ba su lissafa su cikin fasahar ƙwarai ba, Turawa kuwa sun ɗauke su kayan kasuwa.

Binciken launuka ya sa an sake duba wannan hukunci. Masana na haska zane da na'ura, su gane sinadarin kowane launi ba tare da sun ɓantari komai daga jikinsa ba. Ta haka aka tarar da launukan gida, irin su baba da jan da ake samu daga zaiba, zaune kafaɗa da kafaɗa da shuɗin da aka gano a Barlin wajen 1706, wani lokaci ma a kan takardar Whatman ta Ingila. Jiragen Ingila ne ke kai shuɗin, har mutanen Kanton suka koyi haɗa nasu cikin shekarun 1820. Launi kuma shaida ne a kan zamani: zanen da ke ɗauke da koren nan da aka fara sarrafawa a Jamus a 1814 ba zai girmi wannan shekara ba, sai fa in gyara aka yi masa daga baya.

Sai dai binciken ya fi bin sawun haja a kan sawun mutane. John Reeves, mai duba ganyen shayi na kamfanin fataken Ingila daga 1812 zuwa 1831, ya sa an zana masa ɗaruruwan tsirrai da kifaye. Tarin yana Landan, yana amsa sunan mai saye. Waɗanda suka riƙe alƙalamin, abin da ya rage nasu laƙabi ne cikin littafinsa: Akut, Akam, Akew da Asung.

Na'urar da ta iya bambanta baba da shuɗin Barlin tana iya nuna yadda wani mai zane ke cuɗa korensa, da yadda wani ke jera launi bisa launi. Nan ya kamata masana su karkata, domin a san hannun da ya yi kowane shafi, a rubuta sunansa ƙarƙashin aikinsa.